Me Ya Fitar da Turawan Ingila Daga Tsibirinsu? Asalin Mulkin Mallakarsu a Ƙetare

A watan Oktoban 2024 shugabannin ƙasashe renon Ingila suka yi taro a ƙasar Samowa, suka fitar da sanarwa cewa lokaci ya yi da za a zauna a tattauna batun diyyar cinikin bayi. Gwamnatin Birtaniya ta ce maganar biyan kuɗi ba ta taso ba. Shekara uku kafin nan, ranar 30 ga Nuwamban 2021, Barbados, wani tsibiri a yankin Karibiyan, ta sauke Sarauniyar Ingila daga shugabancin ƙasa, kusan shekara 400 bayan saukar Turawan Ingila a tsibirin.

Duk lokacin da irin wannan labari ya fito, sai tsohuwar gardama ta dawo. Wani ya ce kwasar dukiya kaɗai ta kai su. Wani ya ce yaɗa Kiristanci. Wani kuma ya ce fatauci suka fita, mulki ya biyo baya. Ruwa dai ba ya tsami banza, amma kafin a auna waɗannan maganganu sai an raba mutum uku da ake yawan cuɗawa: wanda ya ba da izinin tafiya, wanda ya zuba kuɗi, da wanda ya shiga jirgi. Kowannensu da abin da ya tura shi.

## Kalma ɗaya, abu uku

Abin da muke kira mulkin mallaka a Hausa ya ƙunshi abubuwa uku daban. Akwai matsuguni, inda Turawa ke ƙaura su zauna dindindin, su karɓe ƙasar noma, su ture mutanen da suka tarar. Haka aka yi a Amurka ta Arewa da Ostareliya. Akwai sansanin ciniki, wato kanti ko ganuwa a bakin teku, galibi da yardar sarkin wurin, kamar yadda suka fara a Surat ta Indiya a 1613. Na uku shi ne sarrafa wata al'umma daga sama, ba tare da an kawo baƙi masu yawa sun zauna ba, wanda shi ne aka sani a Arewacin Nijeriya daga 1900. Na farko da na biyu su ne mafari. Na uku ya zo daga baya sosai.

Haka kuma Ingila daban, Birtaniya daban. Sai a 1707 Ingila da Sukotlan suka haɗe suka zama Birtaniya. Abin da ake magana a kai a nan ya faro ne tun Ingila tana ƙaramar masarauta, mutanenta ba su wuce miliyan 4 ba, sarkinta kuma kullum cikin neman kuɗi yake.

## Sun tarar an raba duniya ba da su ba

Ingila ba ta cikin na gaba-gaba. A 1494 Sifaniya da Fotugal suka ƙulla yarjejeniyar Tordesillas, suka ja layi a tekun Atlantika suka raba sababbin ƙasashe tsakaninsu, bayan Fafaroma ya riga ya sa wa irin wannan rabo albarka. Sarki Henry na Bakwai ya ba John Cabot izini ya tashi daga Bristol a 1497, ya kai gaɓar Amurka ta Arewa, amma abin da ya biyo baya bai wuce kamun kifi ba. Sifaniya kuwa ta rushe daulolin Aztek a Meziko da Inka a Kudancin Amurka, a 1545 ta gano dutsen azurfa na Potosi, jiragenta suna ta sauke dukiya a birninta na Sabil kowace shekara.

Wannan azurfa ita ke biyan sojojin Sifaniya a Turai, kuma nan ne addini ya shigo cikin lissafi. A 1534 Henry na Takwas ya raba gari da Fafaroma. Zuwa zamanin 'yarsa Elizabeth ta Ɗaya, wadda ta hau gado a 1558, Ingila ta zama ƙasar Furotesta mai fuskantar babbar daular Katolika. A idon mashawartan sarauniya, duk jirgin azurfar da ya isa Sifaniya lafiya makami ne da za a juyo da shi kansu. Hukuncin Fafaroma kan rabon duniya kuma ba ya hawa kansu.

Matakin farko da suka ɗauka fashin teku ne mai lasisi. Francis Drake ya kewaye duniya tsakanin 1577 da 1580 yana wawashe jiragen Sifaniya. Sarauniya tana da kaso a tafiyar, ta kuma ba shi sarauta da ya dawo. Kafin shi, ɗan'uwansa John Hawkins ya kwashi mutane kusan 300 daga gaɓar Saliyo a 1562 ya sayar a yankin Karibiyan, a tafiyarsa ta biyu ma sarauniya ce ta ba shi aron jirgi. Matsugunin farko da Walter Raleigh ya ɗauki nauyi a tsibirin Roanoke da ke gaɓar Amurka ta Arewa a 1585, ɗaya daga cikin manufofinsa shi ne samun maɓoya ga masu kai wa jiragen Sifaniya hari. Wurin bai ɗore ba. Waɗanda aka sauke a 1587, da aka koma dubansu a 1590 ba a tarar da kowa ba. Yaƙi da Sifaniya, wadda ta turo rundunar jiragen ruwanta a 1588, shi ya hana a kai musu agaji a kan lokaci.

## Ulu yana neman kasuwa

Arzikin Ingila a wancan zamani a kan tumaki yake. Mafi yawan abin da take fitarwa yadin ulu ne, kuma kusan duk ta birnin Antwerp, a Beljiyam ta yau, yake bi. Daga 1550 kasuwar ta fara tangal-tangal, yaƙi ya zo ya ƙarasa ta, a 1585 birnin ya faɗa hannun Sifaniya. Idan kasuwar ulu ta tsaya, masaƙa da masu kaɗi a ƙauyuka sun rasa abinci.

A gefe guda kuma Ingila tana sayen abubuwa da yawa daga hannun wasu: kayan yaji irin su masoro da kanumfari da kirfa, siliki, man zaitun, da katako da kwalta da igiyar jirgi daga ƙasashen tekun Baltik. Ra'ayin da ya yi rinjaye lokacin shi ne, dukiyar duniya ƙayyadaddiya ce, ƙasar da ke saye fiye da yadda take sayarwa kuwa zinariyarta tana tsiyayewa zuwa aljihun maƙiya. Daga nan tunanin mallakar wata ƙasa ya samu gindi: wurin da zai samar da ɗanyen kaya da araha, ya kuma sayi abin da aka ƙera a gida.

Wani limamin coci mai suna Richard Hakluyt ya tattara waɗannan hujjoji a takardar da ya miƙa wa sarauniya a 1584. Ya ce matsuguni a Amurka zai buɗe wa ulu kasuwa, ya samar da katakon jirgi, ya ba zauna-gari-banza aiki, ya zama sansani a kan Sifaniya, ya kai addinin Furotesta ga mutanen can, wataƙila ma ya buɗe gajeriyar hanya zuwa Sin. Sarauniya ba ta ba da kuɗi ba.

Abin da fada ke iya bayarwa takarda ce. Sarki ya rubuta wa wasu attajirai izinin cewa su kaɗai za su yi ciniki a wani yanki, su kuma su haɗa jari, su ɗauki hasara in ta zo. Ta haka aka kafa kamfanin cinikin Rasha a 1555, na daular Turkawa a 1581, na Maroko a 1585, sai Kamfanin Gabashin Indiya a ranar ƙarshe ta shekarar 1600. Wannan tsari na kamfani mai takardar sarki shi ne ƙashin bayan labarin duka, domin ya ba gwamnati damar faɗaɗa ikonta da kuɗin wasu.

## Abin da ya koro ɓera

Attajiri yana zaune a Landan yana jiran riba. Wanda ya kwashe wata biyu a kan teku, yawanci talaka ne. Tsakanin 1550 da 1650 yawan mutanen Ingila ya tashi daga kimanin miliyan 3 zuwa fiye da miliyan 5. Farashin hatsi ya yi ta hawa, ladan ƙwadago bai bi shi ba. Manyan masu ƙasa suna killace filayen da jama'ar ƙauye suka saba kiwo da noma a ciki, suna mai da su makiyayar tumaki, abin da ya jawo bore a 1549 da 1607. Daga 1594 zuwa 1597 aka yi shekara huɗu a jere amfanin gona bai yi kyau ba.

Mutane suka yi ta kwarara Landan, birnin ya kai mutum 200,000 wajen 1600. Hukuma tana kallon marasa aikin yi a matsayin barazana. Dokar 1597 ta yarda a yi wa mai yawon banza bulala, a kori wanda ya gagara daga ƙasar. A 1619 hukumar birnin Landan ta tattara yara kusan 100 daga kan titi ta tura su Virginia, matsugunin Ingila a Amurka.

Shi ma ɗan babban gida yana da tasa damuwar. A al'adar gādon Ingila ta wancan zamani, babban ɗa namiji ne ke ɗauke ƙasar mahaifinsa gaba ɗaya. Ga wanda ya saba da rabon gādo irin na Musulunci, inda kowane ɗa ke da kaso, wannan abu ne mai wuyar fahimta, amma ya bayyana dalilin da ya sa ƙannen masu sarauta suka cika jiragen farko. Sun taso cikin daula, ba su da taƙi ko ɗaya na kansu.

Talaka ba shi da kuɗin jirgi, don haka sai ya jinginar da kansa. Ya sa hannu a takarda cewa zai yi wa wanda ya biya masa aiki shekara huɗu zuwa bakwai ba albashi, sai ci da sutura. A cikin waɗannan shekaru ana iya sayar da takardarsa ga wani ubangida, ba ya aure sai da izini, in ya gudu a ƙara masa wa'adi. Mafi yawan waɗanda suka je Virginia da Maryland a ƙarni na 17 ta wannan hanya suka je, da yawansu kuma zazzaɓi ya kashe su kafin wa'adi ya cika. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi.

## Ailan, inda aka fara gwaji

Tun kafin Amurka, an gwada hannu a maƙwabta. A shekarun 1580 aka ƙwace filayen sarakunan lardin Munster na Ailan aka raba wa Turawan Ingila, a 1609 aka yi haka a Ulster. Humphrey Gilbert da Walter Raleigh duk sun yi yaƙi a Ailan kafin su juya ga Amurka. A can aka saba da hujjar cewa mutanen da ba sa zama da noma irin na Ingila ba su cancanci ƙasarsu ba.

## Jamestown: zinariya aka je nema

A 1604 Sarki James na Ɗaya ya yi sulhu da Sifaniya. Fashin teku ya rufe, kuɗi da jirage da tsofaffin mayaƙa suka rasa abin yi. A 1606 ya ba Kamfanin Virginia takarda, daga baya aka riƙa sayar da hannun jari ɗaya a kan fam 12 da sule 10. A watan Mayun 1607 maza 104 suka kafa Jamestown.

Kallon kitse suka yi wa rogo. Sun zaci za su tarar da abin da Sifaniya ta tarar a Meziko, har suka loda wa jirgi ƙasa mai ƙyalli suka aika gida, aka gwada aka ga ba zinariya ba ce. Da yawansu ba su taɓa riƙe fartanya ba. Masarar mutanen Powhatan, masu ƙasar, ita ta riƙe su. Da dangantaka ta ɓaci, a hunturun 1609 zuwa 1610 yunwa ta cinye su har saura kimanin 60 a cikin ganuwa.

Taba ce ta ceci wurin. A 1612 John Rolfe ya gwada irin taba daga Karibiyan, kasuwar Landan ta karɓa. Sarki James ya tsani taba, ya ma yi rubutu yana zaginta, amma harajinta ya shiga baitulmalinsa. Taba tana cinye ƙarfin ƙasa cikin 'yan shekaru, tana kuma buƙatar hannaye da yawa. Kamfani ya fara ba da eka 50 ga duk wanda ya biya kuɗin jirgin mutum ɗaya, don haka mai kuɗi ya samu ƙasa da ma'aikaci a lokaci guda. Ƙasar kuwa ta Powhatan ce. A 1622 suka kai hari suka kashe baƙi 347, ramuwar gayya ta ɗauki shekaru. A 1619 aka sauke 'yan Afirka ashirin da wani abu a gaɓar Virginia. A 1624 sarki ya soke takardar kamfanin ya karɓe mulkin wurin da kansa, masu hannun jari kuwa ba su ga riba ba.

## Addini: gudun tsira ko yaɗawa?

A nan ma abu biyu ne. Na ɗaya, gudun takura. Cocin Ingila na gwamnati ne, a lokacin kuma ƙin halartarsa laifi ne mai tara. Daga cikin mutum 102 da suka hau jirgin Mayflower a 1620 akwai 'yan wata ƙungiya da ta ɓalle daga cocin, waɗanda suka riga suka yi zaman hijira a Holan. Sauran fasinjojin neman abinci ya kai su, kuɗin tafiyar kuma bashi ne daga attajiran Landan. Daga 1630 zuwa 1640 kimanin mutum 20,000 masu neman tsarkake cocin suka ƙaura yankin Massachusetts da iyalansu. Maryland a 1634 mafaka ce ga 'yan Katolika, Pennsylvania a 1681 ga mabiya ɗarikar Kwaka, kodayake ita ma an ba William Penn ne a madadin bashin da mahaifinsa ke bin sarki. Waɗanda suka gudu daga takura ba duka suka yarda da sakin mara ga wasu ba. Massachusetts ta kori Roger Williams saboda ra'ayinsa, shi ne ya je ya kafa Rhode Island a 1636.

Na biyu, kai addini ga 'yan ƙasa. Takardar 1606 ta ambace shi ƙarara, kuma akwai waɗanda suka yi shi da gaske, kamar John Eliot da ya fassara Baibul zuwa harshen mutanen Massachusetts a 1663. Amma idan aka kwatanta kuɗi da mutanen da aka zuba a wannan aiki da abin da aka zuba a taba da rake, tazarar tana da faɗi. Manyan ƙungiyoyin mishan da Afirka ta sani sai a ƙarshen ƙarni na 18 aka kafa su.

## Rake ya canza lissafi

Labarin masu gudun addini ya fi shahara, amma Turawan Ingila da suka nufi tsibiran Karibiyan a ƙarni na 17 sun ninka waɗanda suka nufi Massachusetts da kewaye. Sun zauna a Barbados a 1627, suka ƙwace Jamaika daga Sifaniya a 1655. Da aka koma noman rake a Barbados a shekarun 1640, 'yan jingina daga Ingila suka kasa wadatarwa, masu gandu suka juya ga bayi daga Afirka. A 1661 tsibirin ya kafa dokar bayi wadda wasu yankuna suka kwaikwaya.

Daga nan gwamnati ta shigo da ƙarfinta. Dokokin jiragen ruwa na 1651 da 1660 suka wajabta a ɗauki kayan waɗannan ƙasashe a jiragen Ingila, sukari da taba kuma a kai su Ingila tukuna. An yi haka ne don a karya 'yan Holan. A 1672 aka ba Kamfanin Afirka na Sarki takarda, ƙanin sarki ne shugabansa, cibiyarsa a gaɓar Gana ta yau. Kafin a haramta cinikin a 1807, jiragen Birtaniya sun kwashe 'yan Afirka fiye da miliyan 3.

## Inda masana suka sha bamban

A 1883 masanin tarihi John Seeley ya ce kamar a cikin gafala Ingila ta ci rabin duniya. Masu bin wannan ra'ayi suna nuna cewa babu wani shiri ɗaya daga fada, ɗaiɗaikun mutane da kamfanoni ne suka yi ta kutsawa. Hujjarsu tana da ƙarfi a kan shekarun farko. Rauninta shi ne, kowace tafiya da hatimin sarki aka yi ta, daga 1651 kuma dokoki da jiragen yaƙi suka tsaya mata.

A ɗaya gefen, Eric Williams, wanda ya zama firaministan Tirinidad, ya yi jayayya a 1944 cewa ribar bayi da sukari ta taimaka wajen tayar da masana'antun Birtaniya. Masu sukarsa sun ce kason wannan riba a cikin jarin ƙasar bai kai yadda ya ɗauka ba. Masu goyon bayansa sun ce a duba abin da ya rataya a kanta: biranen Bristol da Libaful, bankuna, inshora, audugar masaƙu. Har yau ba a rufe wannan babi ba.

Akwai kuma hujjar da su kansu baƙin suka riƙe, cewa ƙasar da ba a killace aka nome ba, ta wanda ya fara aikinta ce. Masanin falsafa John Locke ya tsara wannan ra'ayi a rubuce. Sai dai mutanen da aka tarar manoma ne na masara da wake da kabewa, wuraren da aka gani babu kowa kuma, kamar inda 'yan Mayflower suka sauka, annoba ce daga jiragen Turai ta share su tsakanin 1616 da 1619.

## Abin da ya shafi talaka, jiya da yau

Ribar ba ta rabu daidai ba ko a cikin Ingila. Wasu 'yan jingina sun gama wa'adi sun samu gona, abin da ba za su taɓa samu a gida ba. 'Yan asalin ƙasa sun rasa filaye da rayuka. Ɗan Afirka da aka sauke a gandun rake ya rasa har 'ya'yan da bai haifa ba, domin doka ta sa bauta ta zama gādo. Da aka soke bauta a 1833, majalisa ta ware fam miliyan 20 na diyya, aka biya iyayengiji, bayin ba su samu ko kwabo ba. Wannan ita ce babbar hujjar ƙasashen Karibiyan a yau. Abin da suke nema ya haɗa da neman gafara a hukumance, yafe bashi, da tallafi a fannin lafiya da ilimi. Sanarwar Samowa ba ta tilasta wa kowa biyan komai ba, don haka babu wani kuɗi da talaka zai sa rai ya shigo hannunsa daga gare ta nan kusa.

Tsarin kamfani mai takardar sarki kuwa ya iso har bakin Kwara. A 1886 aka ba kamfanin George Goldie, wato Kamfanin Neja, izinin ciniki da mulki a kogunan Kwara da Binuwai, kamar yadda aka ba na Virginia shekara 280 kafin nan. Dalilan ƙarni na 19 sun ɗan bambanta: manja don masana'antu, da tsere da Faransa da Jamus. Ba a kawo baƙi su zauna su karɓe gonaki kamar a Kenya ba. Amma ƙarshen kamfanin iri ɗaya ne da na Virginia. Gwamnati ta soke takardarsa, ta biya shi fam 865,000, ranar 1 ga Janairun 1900 Lugard, wanda shi ma ya taɓa yi wa kamfanin aiki, ya ɗaga tutar Birtaniya a Lakwaja. Shekara uku bayan haka sojojinsa suka shiga Kano da Sakkwato.